Fim ɗin manyan kamfanoni ko na masu zaman kansu: wanne za ka biya wa kuɗi?

Kafin ka sayi tikitin sinima ko ka biya hayar fim a manhajar kallo, fara tambayar kanka a ina za ka kalle shi, kuma da wa. Amsar nan ce za ta raba maka gardama.

Manyan kamfanonin Amurka irin su Disney, Universal da Warner Bros. suna narka wa fim guda miliyoyin daloli, kuma kaso mai tsoka a kan hoto da sauti yake tafiya. Duba Dune: Part Two na 2024. Faɗin hamadar nan, da rugugin da kake ji har cikin ƙirjinka, duk don babban allo aka tsara su. In ka mayar da shi kan waya, rabin abin da ka biya dominsa ya tafi. Irin wannan ne ya cancanci tikiti. Raunin manyan kamfanonin kuwa shi ne tsoron asara: wanda ya zuba dukiya mai yawa ba ya son kasada, shi ya sa ake ta maimaita tsohon labari, kashi na biyu, kashi na uku. Ba duka ba dai. Oppenheimer na 2023 awa uku ne, yawancinsa magana, ya kuma lashe kyautar Oscar 7.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na masu zaman kansu, waɗanda ake yi da ɗan kuɗi, su fara bayyana a bukukuwan baje kolin finafinai kamar Sundance da Cannes, sannan kamfanoni irin A24 da Neon su rarraba su. Flow, fim ɗin zane daga ƙasar Latbiya, shi ne babbar hujjata. Da manhajar Blender aka yi shi, wadda kowa zai iya saukewa kyauta, kuma babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Wata kyanwa ce ambaliya ta kora cikin jirgin ruwa tare da wasu dabbobi. Za ka ga yadda take kwantar da kunnuwa in ruwa ya matso, yadda take ja da baya daga kare kafin ta saba da shi, kuma ka fahimci komai ba tare da an faɗa maka ba. A watan Maris na 2025 ya karɓi Oscar a rukunin finafinan zane, ya doke na manyan kamfanonin Pixar da DreamWorks. Irin wannan ba ya rasa armashinsa a ƙaramin allo, ga shi kuma ana iya kallonsa da yara.

Amma kada sunan "mai zaman kansa" ya ruɗe ka. Wasu suna da jan ƙafa, wasu kuma su ƙare ba tare da warware labarin ba. Anora, wanda aka yi da kusan dala miliyan 6, ya lashe Oscar 5 a daren da Flow ya ci tasa, amma cike yake da tsiraici da zagi, sam bai dace da zaman iyali ba. Don haka duba alamar shekaru: G da PG sun fi sauƙi, PG-13 yana buƙatar lura, R na manya ne.

Sai makin intanet. Kashi 90 cikin 100 a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin finafinai, yana nufin tara cikin goma na masu sharhi sun ce fim ɗin ba laifi, ko da yabon nasu bai taka kara ya karya ba. Makin shafin IMDb kuma na 'yan kallo ne. Gara ka karanta sharhi biyu cikakku, na wanda ya yaba da na wanda ya kushe, kafin ka ciro kuɗinka.