Rashi ko feridiral: wace allurar baya ta dace da majinyaci mai tsananin ciwo?

Rashi da feridiral alluran kashe ciwo ne, dukansu a gadon baya ake yin su, amma ba wuri guda suke sauka ba. Rashi tana huda rufin laka, maganin ya gauraya da ruwan da ke ciki. Siririyar allura ce, lamba 25 zuwa 27, a tsakanin ƙashin baya L3 da L4, da maganin kashe ciwo bupivacaine 0,5% kamar mg 10 zuwa 15. Cikin minti 5 ƙafafu sun mutu, bayan awa 2 ko 3 ciwo ya dawo. Ta tiyata ce, sau guda, shi ke nan.

Feridiral ita ce ta mai kwanaki a reyanimasiyo, wato sashen kula da masu tsananin ciwo: wanda haƙarƙarinsa suka karye a hatsarin mota, ko aka yi wa babbar tiyatar ciki. Da allurar Tuohy lamba 18 ake zura siririn tiyo, a bar santimita 4 zuwa 6 a wajen rufin laka, magani mai rauni (0,1%) ya riƙa ɗiga kwana 3 ko 4. Amfaninta a fili yake: mutum ya samu yin tari da dogon numfashi, huhu bai cushe ba. Sai dai tana da hidima. Tana son injin tura sirinji mai batir mai kyau, don wutar Damagaram ba ta sallama in za ta tafi, kuma zufar bazara na ɓamɓare filasta, tiyon ya zame. In babu ma'aikacin jinya da zai duba tansiyo da motsin ƙafa dare da rana, gara mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ta jijiya.

Kafin a kai ordonansi farmasi, a tambayi likita sakamakon jini. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da jijjigar masu ciki kan zubar da filaket, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. In sun yi ƙasa da 75.000 zuwa 80.000, yawancin likitoci ba sa taɓa baya. Saran kububuwa ma haka, jini ba ya daskarewa. Mai karɓar Lovenox (maganin hana jini daskarewa) na rigakafi sai an jira awa 12 bayan allurar ƙarshe, na magani awa 24. Dalili: jini na iya taruwa ya danne laka, kuma in ba a yi tiyata an buɗe ba cikin kamar awa 8, shanyewar ƙafafu kan zauna.

Wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa har tansiyo ya faɗi, duka biyun ƙara kayar da tansiyon za su yi, rashi ta fi sauri. A kayan da aka sayo kuwa, a duba ranar lalacewa da ko ledar ta huje, a tabbata matatar ƙwayoyin cuta na cikin kwalin feridiral.