Sharhi a kan makaniken da ya gyara mini kik ɗin jirgi a Yauri

Shekara shida ke nan ina jigilar fasinja da kaya a jirgin inji tsakanin Yauri da ƙauyukan da ke tsallaken Kogin Neja, kuma duk tsawon wannan lokaci makanike ɗaya nake kai wa aiki, wani dattijo mai rumfa a bakin ruwa wanda duk mai jirgi a nan ya san shi. Abin da ya faru tsakanina da rumfarsa a watan jiya shi ne dalilin wannan rubutu.

Ranar da abin ya faru na riga na yi lodin buhunan albasa, fasinjoji sun zauna, na murɗa makulli, amma maimakon kik, wato ɗan motar wutan da ke tayar da inji, ya juya injin sai na ji ƙas-ƙas-ƙas kawai. Na fara duba giya, domin irin wannan inji ba ya yarda kik ya juya muddin giya ba ta firi, na tarar tana inda ya kamata. Na kunna fitila ta kama da haske sosai, saboda haka na cire batir daga zargi. Akwai dabarar buɗe murfi a naɗa igiya a fizga, amma inji mai doki 60 ba abin wasa ba ne, kuma ban ga hikimar shiga tsakiyar kogi da mata da yara a kan injin da ban san ciwonsa ba. Dole na sauke mutanena suka hau wani jirgin, ina kallo kuɗin ranar ya tafi.

Da na aika rumfar sai aka ce Baba, wato dattijon, ya yi tafiya, babban yaronsa ne ya zo. Ya ƙwanƙwasa jikin kik da sifana sau biyu, ya sa na murɗa makulli, sannan ya ce, "Maigida, kik ya ƙone, sai dai sabo." Binciken da ya yi ke nan gaba ɗaya. Na yi odar sabo daga Kontagora, na yi kwana uku ina jira, kuma duk wanda ya sayi kayan injin jirgi a bana ya san abin da ya fita daga aljihuna. Aka ɗaura shi, aka murɗa makulli, sai ga ƙarar nan tana nan yadda take.

A rana ta huɗu Baba ya dawo, kuma a nan ne na ga aikin da ya sa har yanzu nake girmama shi. Bai kwance ko noti ɗaya ba sai da ya fito da mitar auna ƙarfin wuta. Ya auna batir ya sami bolt 12.6, wato cike yake. Ya sa na murɗa makulli yana kallo, lambar ba ta faɗi ƙasa da 12 ba, ya ce da batir ne ya gaji da ta zube ƙasa da 10, da kuma kik ɗin yana jan wuta yadda ya kamata da lambar ta sauka fiye da haka. Daga nan ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan baƙin kan batir, ɗayan a jikin ƙarfen inji, don ya gwada baƙar wayar da ta haɗa su, ya ce in sake murɗawa. Ya bayyana mini cewa lafiyayyar waya bai kamata ta cinye fiye da rabin bolt ba, amma tawa sai da lambar ta haura 6. Ya sa wuƙa ya tsaga robar baƙar wayar daga wajen kanta, sai ga wani koren gari yana zubowa, zaruruwan tagullar duk sun ruɓe, saura 'yan ƙalilan ke riƙe da juna. Ruwan da ke taruwa a gindin jirgi ne ya daɗe yana shiga ta ƙarƙashin robar, alhali daga waje wayar tana nan sumul. Na tambaye shi yadda aka yi fitila take kamawa, ya ce, "Ɗana, fitila ɗan kurɓi take yi, shi kuwa kik yana jan sama da amfiya 100 a lokaci guda, siririyar hanya ba ta isarsa." Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya matse sabon kai, ya goge kawunan batir da samfefa, ya shafa giris, ya cire notin nan mai kunne da ake ɗaurewa da hannu ya sa na sifana. Don ya tabbatar, sai ya mayar da tsohon kik ɗina, kuma murɗawa ɗaya injin ya tashi. Aikin bai kai minti arba'in ba.

A wannan lokaci na yi ta sa masa albarka, har na ce babu kamarsa a bakin ruwan nan. Amma da na koma gida na zauna da lissafi sai raina ya sake ɓaci. Mitar nan a cikin akwatin rumfar take duk kwanakin da yake tafiya, yaron da ya shekara da shekaru a hannunsa ko dai bai iya amfani da ita ba ko kuma ba a yarda ya taɓa ta ba, kuma duk wanda ya zama gaskiya a cikin biyun laifin yana wuyan mai rumfa. Ya karɓi kuɗin aikinsa cif, bai rage ko sisi ba saboda asarar da yaronsa ya jawo mini, kuma da na ɗaga maganar sai ya ce yaro ne, a yi haƙuri. Mai shagon Kontagora ya ce kayan wuta idan an riga an ɗaura ba a mayarwa. Nan ma na tuna cewa bara yaron nan ne ya sa na canza batir da bai shekara ba, kuma yanzu ina zargin wannan wayar ce tun a lokacin take wahalar da ni.

Zan ci gaba da kai wa Baba aiki, amma idan ba ya gari gara jirgina ya kwana a ɗaure da yaronsa ya taɓa mini wayarin. Na sayi ƙaramar mita tawa, na koyi auna wuraren nan biyu, sabon kik ɗin kuma yana nan a kwalinsa a ƙarƙashin gado ina neman mai saye.