Madubi ko Rumbu: Amsa ga Mai Son Kallon Bidiyon Kwamfutarsa a Talabijin

Assalamu alaikum. Shekaranjiya wani ɗan'uwanmu mazaunin Gesse a Birnin Kebbi ya kawo tambaya a wannan zaure, kuma na lura amsoshin da aka ba shi gajeru ne, wasu ma suna cin karo da juna, shi ya sa na ga ya dace in zauna in yi bayani a tsanake. Ya ce kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka tana ɗakinsa, cike da tafsirin azumi na shekaru da dama, da bidiyon bikin ƙannensa, da darussan yara, talabijin kuwa tana falo, kuma ya gaji da kwafa a filashi yana kaiwa yana komowa. Wasu sun ce ya haska allon kwamfutar kai tsaye a talabijin, wasu sun ce ya sa wata manhaja mai suna Plex, shi kuma babban tsoronsa kada abin ya riƙa cinye masa data, tunda rauta mai layin waya yake amfani da ita.

Malam, bari in fara cire maka wannan tsoron. Idan kwamfuta da talabijin suna haɗe da rauta guda, bidiyon daga kwamfuta yake tashi ya bi ta rautar ya sauka a talabijin, ba ya fita daga gidanka balle ya taɓa layin da ke cikinta. Ko ka zare layin gaba ɗaya, rautar za ta ci gaba da sada na'urorin biyu. Abin da yake shan data a ɓoye shi ne sabuntawar da Windows ke saukewa da kanta, da wadda talabijin mai intanet ke yi da zarar ta samu hanya, don haka ka shiga saitin Wi-Fi na kwamfutar ka nuna mata cewa datar a ƙididdige take, sannan ka kashe sabuntawa ta atomatik a talabijin.

Hanyoyin da aka ambata maka gida biyu ne, kuma wanda ya gane bambancinsu ya gama rabin aikin. Ta farko ina kiranta madubi, domin duk abin da ke kan allon kwamfuta shi talabijin take nunawa. Ta biyu rumbu ce: kwamfuta tana zaune a ɗaki tana ajiye da kaya, talabijin ce take zuwa ta ɗebi abin da take so.

Madubin sunansa Miracast, ya fito a 2012, kuma yana cikin Windows 10 da 11. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin K, sunan talabijin ya bayyana a gefe, ka zaɓa. A talabijin ɗin LG ana kiransa Screen Share, a Hisense kuma Anyview Cast. Alherinsa shi ne ba ya ma buƙatar rauta, na'urorin biyu suna magana da juna kai tsaye, kuma duk abin da kwamfuta ta iya buɗewa talabijin za ta nuna shi. Sai dai ka duba irin wahalar da ake ɗora wa kwamfutar: ita za ta buɗe bidiyon, ta ɗauki hoton allonta sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta sake matse shi, sannan ta aika. Wannan ne ya sa hoton yake dusashewa, yakan yi tsalle-tsalle, wani lokaci bakin mai magana ya riga muryarsa. Ga shi kuma tsayarwa da mayarwa baya duk a kan kwamfutar ake yi, rimot ba shi da ta cewa, alhali taka kwamfutar tana wani ɗaki. Abin da ya fi damuna da shi shi ne rashin sirri, domin idan saƙon WhatsApp ya faɗo a kan allo kana tare da baƙi a falo, kowa zai karanta shi da manyan baƙaƙe. Ga mai son nuna hotuna na minti goma, ko malamin da zai haska darasi ga ɗalibai yana zaune kusa da talabijin, madubi ya wadatar. Ga tafsirin awa ɗaya da rabi, ban ba ka shawarar sa ba.

Rumbu kuma iri biyu ne, akwai na gargajiya da ke cikin kwamfutarka tun tuni ba ka sani ba, akwai kuma wanda ake girkawa.

Na gargajiyar shi ne DLNA, tsarin da kamfanonin kayan lantarki suka haɗu suka kafa a 2003 bisa jagorancin Sony. Ƙungiyar da ta kafa shi ta rushe a 2017, amma tsarin yana nan daram a cikin mafi yawan talabijin masu haɗuwa da Wi-Fi. A Windows za ka buɗe Control Panel, ka shiga Network and Sharing Center, ka nemi Media streaming options, ka kunna. Abu biyu ne suke kayar da mutane a nan. Na ɗaya, dole kwamfutar ta ɗauki rautar gidanka a matsayin Private, domin idan ta ɗauke ta a matsayin Public za ta ɓoye kanta, talabijin ba za ta taɓa ganin ta ba. Na biyu, abin da ke cikin foldar Videos da Music da Pictures kaɗai take rabawa, don haka bidiyon da ke wani wuri sai ka mayar da shi can ko ka haɗa foldarsa da su. Idan ka gama, ka je falo ka danna maɓallin da ake zaɓar HDMI da USB, za ka ga sunan kwamfutarka a jere da su kamar an soka filashi.

A wannan tsarin fayil ɗin yana tafiya yadda yake, ba a sake matse shi, talabijin ce take buɗe shi da kanta. Saboda haka hoton yana fita da kyawunsa na asali, kwamfutar ba ta ko ɗumi, rimot yana aiki, kuma kana iya ci gaba da rubutunka a ɗaki yara suna kallon darasinsu a falo. Rauninsa yana fitowa ne daga inda ƙarfinsa yake, wato tunda talabijin ce mai buɗewa, duk fayil ɗin da ba ta gane ba ya tsaya ke nan. Bidiyon da aka matse da H.264 a cikin MP4 kusan kowace talabijin tana karanta shi, amma H.265, wanda sababbin wayoyi da yawa suke ɗauka da shi, tsofaffin talabijin ba su san shi ba. Wani lokaci hoto ya fito babu murya, musamman idan da tsarin DTS aka matse sautin, wanda talabijin ɗin Samsung suka daina karantawa tun daga samfurin 2018. Fassarar da ke zuwa a fayil daban ma ba kullum take bayyana ba. Sannan DLNA ba shi da kalmar sirri: duk wanda ya hau rautarka zai iya ganin foldojin da ka raba. Idan kana ba maƙwabta ko yaran unguwa lambar Wi-Fi, to ka yi tunani sosai kafin ka zuba bidiyon bikin iyali a ciki, ko ka shiga wannan shafin da ka kunna shi ka hana kowace na'ura sai talabijin ɗinka.

Rumbun da ake girkawa shi ne su Plex da Jellyfin, kuma an yi su ne don su toshe waɗannan ɓarakar. Kana sa manhaja ɗaya a kwamfuta, ɗaya a talabijin. Idan talabijin ta kasa gane fayil, kwamfutar tana juya shi nan take zuwa wanda za ta gane. Suna jera kaya da tsari, kowa a gida yana iya samun nasa shafin da kalmar sirrinsa, ta yadda yara ba za su ga sai abin da aka ware musu ba. Abin da ni na fi so a cikinsu, kuma na san zai yi maka amfani, shi ne tuna inda aka tsaya. Mai bin tafsirin kwana talatin, yau ya saurari rabin zama na goma sha biyu aka kira sallah, gobe yana buɗewa zai ci gaba daga daidai ayar da ya bari. A DLNA wannan ya danganta da talabijin, da yawa kuma daga farko suke komawa.

Tsakanin su biyun, a yanayinmu na nan Jellyfin nake fifitawa, kuma dalilina intanet ne. Plex ya fi sauƙin girkawa, manhajarsa kuma tana samuwa a kusan kowace irin talabijin, amma yana buƙatar ka buɗe asusu a wurin kamfanin, kuma a yadda yake zuwa yakan nemi intanet don ya tantance ka. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, kana iya samun kanka a rufe daga bidiyon da ke cikin gidanka, sai fa idan tun farko ka shiga saitinsa ka ba na'urorin gida izinin shiga ba tare da tantancewa ba. Tun 2025 kuma kallon bidiyonka daga wajen gida ya koma na kuɗi a Plex. Jellyfin, wanda ya samo asali daga wata manhaja irinsa mai suna Emby a 2018, kyauta ne ɗungurungum, masu sa kai ne suke gina shi, asusunka a kan kwamfutarka yake, ba ruwansa da ko akwai sabis ko babu. Matsalarsa ita ce manhajar talabijin: tana nan a masu Android TV da Google TV da kuma LG, amma ba kowace talabijin ke da ita ba, kuma mai irin wannan sai ya sayi ƙaramin akwatin Android ya soka a HDMI. Yakan kuma nemi ka rubuta adireshin kwamfutar da hannu, wani abu kamar 192.168.0.100 sannan 8096 a ƙarshe, don haka yana da kyau ka sa rauta ta riƙe wa kwamfutar adireshi guda kada ya riƙa sauyawa. Ka kuma sani juya fayil aiki ne mai nauyi. Tsohuwar kwamfuta a zafin watan Afrilu na Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura 40, fankarta za ta yi ta kuka, bidiyon kuma ya riƙa tsayawa.

An ambaci Chromecast a cikin amsoshin, wadda ake sokawa a talabijin don tura mata bidiyo ta Wi-Fi. Na'ura ce mai kyau da Google ya fitar a 2013 ya kuma daina ƙera ta a 2024, kuma VLC, manhajar kunna bidiyo, yana iya tura mata bidiyo daga kwamfuta, amma an gina ta ne a kan samun intanet kullum, don haka ba ita ce ta mai lissafin data ba.

Duk wadda ka zaɓa, akwai abin da ya fi manhaja muhimmanci, wato hanyar da bidiyon zai bi, kuma wannan a gidana na koye shi. Rautata tana ɗaki, talabijin tana falo, tsakaninsu bango biyu na bulo. Darussan yara suna tafiya lafiya, amma ranar da 'yan'uwa suka taru kallon bidiyon ɗaurin auren ƙanena, daidai inda ake shafa fatiha hoton ya daskare, ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, dattawa suna zaune suna jira. Da na zauna na yi lissafi sai na gane dalili. Fayil mai gigabait 2 da ke ɗaukar awa biyu yana buƙatar kimanin megabit 2 ne kawai a daƙiƙa, amma na bikin, wanda mai ɗaukar hoto ya ba mu yadda ya fito daga kyamara, gigabait 8 ne a awa guda, wato kusan megabit 18 a daƙiƙa, kuma siginar da ta ratsa bango biyu ba ta iya ɗaukar wannan ba tare da yankewa ba. Siginar Wi-Fi iri biyu ce, mai 2.4 GHz da mai 5 GHz: mai 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi jinkiri da cunkoso, mai 5 ya fi sauri amma bango yana karya shi. Maganin da na yi shi ne na sayi wayar Cat6, wato wayar da ke haɗa rauta da na'ura kai tsaye, mai mita 15 a kasuwa, na bi da ita ta saman ƙofa da gindin bango ina kafa ta da ƙananan ƙusoshi masu kan roba, na soka ta a bayan talabijin. Tun daga ranar bidiyon nan bai sake tsayawa ba. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba tare da ta raunana ba, kuma ko da ramin da ke bayan yawancin talabijin megabit 100 ne iyakarsa, ya ninka abin da kake buƙata sau biyar. Idan abin da kake da shi ƙaramar MiFi ce ta aljihu wadda ba ta da ramin waya, to ka ajiye ta a falo kusa da talabijin, kuma idan na'urorin suka ƙi ganin juna ka duba saitinta, domin wasu suna zuwa da zaɓin da ke hana na'urorin da ke kansu magana da juna.

Shawarata gare ka, Malam, ka fara da DLNA yau da dare, tunda ba za ka sayi komai ba kuma ba za ka sauke komai ba. Ka gwada fayil uku: zama ɗaya na tafsir, darasi ɗaya na yara, da bidiyon biki mafi nauyi da kake da shi. Idan duka ukun sun buɗe da hoto da murya, kuma komawa farko bai dame ka ba, ka tsaya a nan. Idan ɗaya ya ƙi, ko ka ga kana ɓata lokaci wajen laluben inda ka tsaya jiya, sai ka koma Jellyfin.

Saura maganar wuta. Kwamfutarka tana da batir, wannan ya ba ka rata a kan mai babbar kwamfutar tebur, amma rauta tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, kuma ko inbata ta karɓa nan take, wasu rautocin sai sun sake tashi, kallon ya yanke na minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a shagunan kayan waya yana magance wannan, sai dai ka duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin cajar rautarka, volt 12 ne ko 9, ka sayi daidai da shi. Ka kuma shiga saitin wuta na Windows ka hana kwamfutar yin barci idan tana caji, ka sa rufe murfinta kada ya kashe ta, domin rumbun da ya yi barci talabijin ba ta ganin sa. Idan ka juya bayan talabijin ɗinka za ka ga takarda manne mai ɗauke da lambar samfurinta; ka ɗauki hotonta ka turo nan zaure, zan duba maka ko tana karanta H.265 da kuma ko Jellyfin yana hawa kanta.