Sharhi kan wurin zaɓen adon shafin shiga kwamfuta

Ina da ƙaramin ɗakin koyar da aikin kwamfuta a unguwar Zango a nan Damagaram, kuma tun da Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 na mayar da tsofaffin na'urorina shida kan wani nau'in Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, domin babu ɗaya cikinsu da ta cika sharuɗɗan Windows 11. Na ji daɗin canjin, amma akwai wuri ɗaya a cikin saitin da ya ba ni wahala fiye da kima, wato inda ake zaɓen adon shafin shiga, shafin nan da mutum ke rubuta kalmar sirri kafin kwamfuta ta buɗe masa.

A tsarin Linux wannan shafi manhaja ce mai zaman kanta, kuma iri-iri ce, akwai GDM da SDDM da LightDM. Tana tashi ne tun kafin kowa ya shiga, shi ya sa duk canjin da aka yi mata ya shafi kowa da ke amfani da na'urar, kuma shi ya sa ake neman kalmar sirrin mai kula da na'ura kafin canjin ya zauna. Wannan matakin daidai ne, ina ma yaba shi, domin a ɗakin da ɗalibai ke karɓa-karɓa ba zai yiwu kowa ya sauya ƙofar shiga yadda ya ga dama ba. Haka kuma jera adon da aka yi cikin ƙananan hotuna ya fi dogon jerin sunaye sauƙin fahimta ga wanda Faransancinsa bai yi ƙarfi ba.

Matsalar tana wajen gane abin da aka zaɓa. Idan mutum ya ɗora linzami a kan hoto, sai wani siririn layi shuɗi ya kewaye shi. Idan ya danna, layin ya ɗan ƙara duhu. Adon da ke aiki a lokacin shi ma da irin wannan layi ake nuna shi, kuma da zarar an danna wani sai alamar ta bar shi ta koma kan sabon, alhali canjin bai zauna ba tukuna. Ke nan abubuwa uku mabambanta, wanda hannu ya bi ta kansa, da wanda aka danna, da wanda na'ura ke amfani da shi, duk an bar wa launi ɗaya ya bayyana su. A kan tsohuwar fuskar kwamfuta da haskenta ya dusashe, da rana tsaka, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashin, sai na kusanto da idona kamar mai zura zare a allura kafin in tabbatar. Sau biyu na rufe tagar ina zaton na gama, ashe ban danna maɓallin tabbatar da canji da aka rubuta wa Appliquer ba, wanda ke can ƙasa a lungu.

Abin da ya fi damuna shi ne, maganin wannan ba sabo ba ne. Ƴan da'irorin nan da ake cika ɗaya da ɗigo idan an zaɓa, an ɗauko dabararsu ne daga rediyon tsofaffin motoci, wadda idan aka danna maɓalli ɗaya sai na baya ya fito, ta yadda ko a duhu hannu ya san tashar da ake kai. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, waɗanda aka tsara don shafukan intanet, sun hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da bayani, kuma bugunsu na 2018 ya nemi bambancin haske na aƙalla 3 da 1 tsakanin irin waɗannan alamomi da abin da ke kewaye da su. Manhajar tebur ma ta cancanci wannan kulawa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan musamman. Na'urorinmu gauraye suke, waɗanda suka zo ta Kano allon madannansu QWERTY ne, waɗanda suka fito daga Faransa kuwa AZERTY ne, inda A da Q suka yi musayar wuri, haka Z da W, harafin M ya matsa, lambobi kuma sai an haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe. Ba kowane ado ba ne ke ɗauke da wurin sauya tsarin madannai, kuma ɗan hoton da ake nunawa bai kai girman da za a gane hakan ba. Na zaɓi wani ado mai hoton teku saboda kyansa, washegari da safe wata ɗaliba ta ce mini, "Malam, kalmar sirrin ta ƙi shiga, kuma wallahi daidai nake rubutawa." Gaskiya ta faɗa. Na'urar tana karanta A ɗinta a matsayin Q, ɗigo-ɗigo kawai take gani, ga shi babu inda za ta danna ta gyara. Darasin rabin awa ya tafi a nan, sauran suna zaune suna jira.

Da a ce ana buɗe adon ya cika fuska a gwada shi kafin a tabbatar, da ban faɗa wannan ramin ba. A yanzu hanyar da na fi amincewa da ita ita ce in fita daga asusuna gaba ɗaya in gani da idona, in kuma abin bai yi ba in dawo in sake daga farko.

Ga mai na'ura ɗaya a gida wanda zai saita sau ɗaya ya manta, wurin ya wadatar. Ga mai kula da na'urori da yawa irina, ina roƙon masu haɗa manhajar su sa alamar maki a kan adon da ke aiki tare da rubutu a ƙarƙashinsa, alamar kuma kada ta gusa sai canjin ya zauna, sannan su nuna ko adon yana da wurin sauya madannai. Kafin lokacin, na mayar da duka shidan kan adon da tsarin ya zo da shi, na kuma liƙa ƴar takarda a gefen kowace fuska mai ɗauke da sunan irin allonta.