Besbol da kwanan tanti, abin da na gani a kwana biyar

Wani abokin aikina bature ne ya sa min wannan ra'ayin a kai, wai shi duk bazara haka yake yi da yaransa, su kalli wasan besbol na ƙananan ƙungiyoyi da yamma, dare yayi su kwana a tanti maimakon otal. Mu muna zaune kusa da Raleigh a jihar North Carolina, ni da maman yara da yara biyu, to a watan Yulin 2023 nace bari mu gwada mu gani. Ni fa ɗan ƙwallon ƙafa ne, besbol ko dokarsa ban sani ba lokacin.

Mun fara da Durham tunda kusa ne, ko rabin awa bamu yi a mota ba. Ƙungiyar garin sunanta Durham Bulls, ita ce matakin ƙarshe kafin babbar gasa, suna kiransa Triple-A, kuma ƴan wasan na babbar ƙungiyar Tampa Bay Rays ne, duk ranar da aka buƙaci mutum sai kawai a kira shi ya haɗa jakarsa. Tun 2021 aka mayar da ƙananan ƙungiyoyin guda 120, kowace babbar ƙungiya cikin 30 tana da huɗu a ƙarƙashinta. Tikiti kowa bai kai dala 20 ba, kuma inda muka zauna har maganar ƴan wasa muna ji. Wasan kansa gaskiya da farko barci ya so ɗauka ta, zagaye tara ake yi, wannan ya jefa wancan ya kai duka da sanda ya kuskure, a sake, a sake, na ce wa maman yara wai yaushe za a fara ne, tace ai tun ɗazu aka fara. Amma fa ba a barin ka kayi shiru, tsakanin kowane zagaye sai an fito da wani abu, tseren yara, jefa riguna cikin ƴan kallo, wani cikin shigar bijimi yana rawa. Akwai wani katon hoton bijimi a saman katangar hagu da aka rubuta cewa wanda ya buga ƙwallo ta daki bijimin ya ci nama, wanda ta daki ciyawar ƙasansa ya ci salak, kuma in ɗan gida ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sai idon bijimin yayi ja hayaƙi ya fito ta hancinsa. Autata har yau wannan kawai take tunawa.

Abin da ya fi burge babban ɗana shi ne ƙwallon da ta faɗo cikin ƴan kallo taka ce, ba kamar namu ba da za a ce miƙo. Bai samu ba, amma wani dattijo a gabanmu ya cafe ɗaya ya juyo ya miƙa masa, kai ranar ko abinci yaron nan bai ci ba.

Maganar abinci kuwa ku shirya. Kusan duk abin da ake sayarwa a filin nama ne irin wanda dole ka tambaya, da yawa akwai alade a ciki, yankin ma da gashin alade aka san su, mu dai gyaɗa da gugguru da soyayyen dankali muka tsaya, sai muka ci tuwonmu a gida. Kuma giya ana sha sosai a wasu ɓangarori, in da yara kake ka duba wurin zama tun wajen sayen tikiti. Magariba ma a tsakiyar wasa take riskar ka, don rana bata faɗuwa sai wajen takwas da rabi a Yuli, na tambayi wani ma'aikaci ya nuna min wani lungu nayi sallata ba wanda ya kula ni.

Washegari muka hau babban titin I-40 zuwa garin Asheville, awa uku da rabi haka. Filinsu, da ake kira McCormick Field lokacin da muka je, tun 1924 yake, ƙarami ne a jikin tudu, mutum wajen dubu huɗu yake ɗauka, ƙungiyar kuma Asheville Tourists matakin High-A ce, wato ƙasa da matakin Durham, ta babbar ƙungiyar Houston Astros. Ni wallahi wannan ya fi min Durham daɗi, yara ne matasa wasu daga Venezuela wasu daga Jamhuriyar Dominika, kowa yana wasa kamar ransa zai fita don a ɗaga shi sama, kuma kafin wasa suna tsayawa su sa wa yara hannu a ƙwallo.

To yanzu ga inda na sha wahala, tanti. Na saya a wani babban shago, an rubuta na mutum shida ne, nace mu huɗu ai har fili zai rage. Ƙarya ce. Shidan da suke nufi sai dai a jera ku kamar kifin gwangwani ba jaka ba katifa, muna sa katifun iska biyu wuri ya ƙare, kaya a mota suka kwana. Haɗa shi kam ba wuya, minti ashirin ni da yaro mun gama. A sansanin Mount Pisgah muka kafa, kan titin Blue Ridge Parkway, wanda tsawonsa mil 469 ne kuma ba a wuce gudun mil 45 a kansa, tafiya ce ta kallo ba ta sauri ba. Wurin yana sama wajen ƙafa dubu biyar, mu da muka baro zafin Raleigh da ƴan riguna marasa nauyi sai gashi ƙarfe biyun dare kamar hunturun Jos, wannan kam laifina ne. Amma ruwan da ya sauko kafin asuba ya shigo ta ɗinkin kusurwa, wannan laifin tantin ne, sabo fil daren farko. Maman yara bata ce komai ba, kallo na kawai tayi, da ma ta yi faɗan ya fi min sauƙi. Da gari ya waye na sauka gari na sayi tampol na ɗaura a sama, daga nan bamu ƙara jiƙewa ba.

Kwana biyun ƙarshe a sansanin Smokemont muka yi, cikin gandun dajin Great Smoky Mountains kusa da garin Cherokee. A shafin Recreation.gov na kama wurin tun da wuri kuma aikinsa ba matsala, ka ga taswira ka zaɓi lambar fili ka biya, dala 30 a dare. Shiga gandun kyauta ne, sai dai daga Maris 2023 sai ka sayi takardar ajiye mota, dala 5 a rana ko 15 a sati. Akwai banɗaki da famfo amma babu wurin wanka, sun rubuta ni ne ban karanta ba, buta da bokiti suka cece mu. Itacen wuta ma ba a yarda ka zo da naka daga nesa ba saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, sai wanda aka gasa aka sa masa hatimi ko busasshen da ka tsinta a ƙasa a wurin. Abinci kuma ko kwanon da ka ci ba a bari a waje, komai a kulle a mota, don dabbobin nan beyar masu baƙin gashi na yawo a dajin. Mu bamu ga ko ɗaya ba alhamdulillah, sai wasu manyan barewa masu ƙaho da suke kiwo a filin Oconaluftee da yamma, motoci suka yi layi ana kallo.

In maki zan bayar, tikitin wasa tara cikin goma, sansanonin takwas, tantin uku kuma saboda saurin haɗawa ne. Wanda zai bi wannan hanyar yanzu ya duba inda aka rufe kafin ya tashi, don guguwar Helene ta Satumbar 2024 ta yi wa Asheville da titin Parkway barna sosai. Yara sun dame ni mu sake, maman su tace ta yarda amma da sharaɗi, dare ɗaya a tsakiya sai an kwana a otal mai ruwan zafi.