Tsohuwar Mota a Makka da Jidda: A Gyara Ko a Rabu da Ita?

Maganar gyara ko sayar da tsohuwar mota a Saudiyya takan taso ne idan istimara, wato takardar rajistar mota, ta kusa ƙarewa. Ba za a sabunta maka ita ba sai da takardar fahas mai rai, wato shaidar binciken mota na hukuma, da inshora, kuma ka biya tarar da Sahir, kyamarorin da ke kama masu karya dokar hanya, ta tara maka. Sai mutum ya kai motar fahas ta faɗi, a miƙo masa takarda mai jerin laifuffuka: birki, hayaƙi, fitila, mai yana ɗiga ta ƙasa. Daga nan kowa a gida ya zama mai shawara. Hajiya na cewa a sayar a huta, yara na nuna maka hoton sabuwa a waya, bakanike kuma na cewa ai ƙaramin aiki ne. Hanyoyin dai uku ne: ka gyara wadda ke hannunka, ka sayi ta hannu wadda ta fi ta ƙuruciya, ko ka ɗauko sabuwa fil, galibi da bashi. Ni ba na ɓoye inda na karkata. Idan motarka 'yar Japan ce mai gira ta gargajiya, shasinta lafiya, kuma ruwa bai taɓa shanye ta ba, gyara ta.

Bari na fara da ita, tunda ita nake so. Ɗauki Camry ko Corolla ta tsakanin 2007 da 2013, irin waɗanda har gobe suke zirga-zirga tsakanin Shara Mansur da Aziziyya. Kamfanin Abdul Latif Jameel ya riƙe wakilcin Toyota a ƙasar nan tun 1955, saboda haka babu wata sana'iyya, wato unguwar gareji, daga Jizan har Tabuk da za ka shiga ka rasa wanda ya san cikin waɗannan motoci. Kayan gyaransu kuma hawa uku ne: na wakala, wato wakilin kamfani, na kasuwa, da na tashlih, inda ake ɓaɓɓalle motocin da suka yi haɗari a sayar da sassansu. Wannan yalwar ita ce dukiyar tsohuwar mota. Ba ka jiran a yi maka odar wani ƙarfe daga waje wata guda kana hawan tasi. Yawancin injinan nan sarƙa ce ke juya su ba bel ba, wato an rage maka wani aiki mai tsada da wasu motocin ke nema lokaci zuwa lokaci. Suna da nasu aibin, ba na musu: wasu injinan Camry masu lita 2.4 na waɗancan shekaru sun yi suna wajen shan baƙin mai. Amma aibi ne sananne, an san maganinsa, kuma mai duba sandar mai duk Juma'a zai iya tafiya da ita shekaru a haka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, motarka ce kaɗai ka san tarihinta. Ka san ranar da ta yi zafi a hawan Hada za ka Ɗa'ifa, ka san ko an taɓa buɗe injinta, ka san wanda ya taɓa girarta. Wannan sanin ba a sayar da shi a kasuwa. Kuma kuɗin da sabuwa ke asara a shekarunta na farko, taka ta riga ta gama asararsa tuntuni. Mota mai shekara goma sha biyar farashinta ya zauna, abin da za ta ragu a bana bai taka kara ya karya ba. Inshorarta ma mai sauƙi ce, ta kare wanda ka buga kawai ta wadatar a doka.

Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya tambaye ni. Kada ka gwada kuɗin gyara da darajar motar, ka gwada shi da abin da za ka kashe idan ka sauya. A ce motarka za ta yi riyal dubu goma sha biyar a Haraj, kasuwar motocin hannu, bakanike ya ce gyaran injin da na'urar sanyi zai ci dubu shida. Mutane sai su riƙe baki, wai kusan rabin kuɗin mota. To amma idan dubu shidan nan za ta ba ka shekara biyu kana tafiya, wata nawa na biyan sabuwa za ta rufe? Ɗauki biro ka raba da kanka. Abin da ya kamata ka tambayi bakanike shi ne: bayan wannan aikin, me ke biye? Idan ya ce gira ma ta fara jinkirin shiga, ƙafafu sun saki, waya ta fara gardama, duka a shekara ɗaya, to lissafi ya canza.

A ƙasar nan abin da ke kashe mota zafi ne. Makka takan haura digiri 45 da rani, ga cunkoson Ramadan da na aikin Hajji, injin na aiki, na'urar sanyi na ja, mota ba ta motsi. Don haka kafin ka kashe ko riyal ɗaya a fenti ko kujeru, sa kuɗinka a lagireto, famfon ruwa, fanka da robobin ruwa. Kuma don Allah a daina zuba ruwan famfo a lagireto, gishirinsa ke toshe hanyoyin ya ci ƙarfe. Ruwan sanyaya injin na galan ba shi da tsadar da za a guje shi. Injin da ya taɓa tafasa sosai har kan injin ya lanƙwashe, ko an goge shi an sa sabon gasket, zuciyata ba ta kwanciya da shi. A nan na fi son a ɗauko injin tashlih gaba ɗaya a ɗora, da a yi ta faci. Sharaɗi biyu: a rubuta maka kwanakin garanti a rasit, ba da baki ba, kuma ka ji injin yana aiki ko a buɗe murfinsa a gabanka ka ga babu baƙin laka a ciki. Taya da batir ma zafi na cinye su da wuri, amma waɗannan ba hujjar sayar da mota ba ne, sabuwar ma za ta nema.

Yaushe nake cewa a rabu da ita? Idan shasi ya lanƙwashe, idan tsatsa ta ci ƙasanta, abin da ake gani a motocin da suka daɗe kusa da teku a Jidda, ko idan ruwa ya shiga cikinta har kujeru. Waɗannan uku ba gyara ba ne, zuba ruwa ne a rariya. Ka sayar wa tashlih, kuma ka tabbata an sauke ta daga sunanka ta Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardu, kada ka bar takarda na yawo da sunanka a kan motar da ba ka san inda take ba.

Sabuwa fil? Mai hali ya saya, Allah ya sanya alheri. Tana da garanti, shekarunta uku na farko ba ruwanka da fahas, kuma ba ta shan mai kamar tsohuwa. Sai dai harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, kuma idan ta hanyar haya mai ƙarewa da mallaka ka ɗauka, motar ba taka ba ce a takarda sai ka gama biya, da ɗan dunƙulen kuɗi da ake ajiye maka a ƙarshe. Mu baƙi da iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ke rataye da aiki, ɗaukar bashin shekara biyar abu ne da sai an yi dogon tunani. Hujjar tsimin mai ma ba ta da ƙarfi a nan, tunda a Yulin 2021 gwamnati ta ƙayyade litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18, ta mai lamba 95 kuma 2.33. Motocin Sin irin su Changan, Geely da MG sun cika titi, suna da kyau da araha, amma je ka tambayi farashinsu a hannu na biyu kafin ka sa hannu. Manyan motocin Jamus tsofaffi kuwa, wanda ya saya ya san abin da ya saya.

Saura ta hannu, kuma a nan ne bakina ke da yawa, domin a nan aka taɓa dafa ni. Wani dillali ya sayar mini da mota mai ƙyalli, ƙamshi na tashi a ciki, ya rantse cewa ta wani dattijo ce da ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Da zafi ya shigo sai gilasai suka fara sauka da kansu, fitilun gaban direba na kunnuwa suna mutuwa, wani wari na tasowa daga ƙarƙashin kafet. Mai gyaran waya ya ɗaga kafet ɗin ya nuna mini busasshiyar laka. Motar ambaliya ce.

Jidda ta san ambaliya. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, ana shirin hawa Arfa, ruwa ya ci unguwanni irin su Ƙuwaiza, mutum fiye da ɗari suka rasu, dubban motoci suka lalace. Ya sake dawowa a Janairun 2011, sannan a 24 ga Nuwamba 2022 aka yi wani da kowa ya ga hotunan motoci sun hau kan juna. Ba duka motocin nan ne suka tafi tashlih ba. Wasu an wanke su, an shanya, an fesa turare, an kai su wani gari. Ruwa ba ya kashe mota nan take, yana kwanciya ne a cikin mahaɗan wayoyi da kwamfutar motar yana cinsu a hankali, shi ya sa ranar da ka je gani komai yana aiki. Don haka ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai zanen ruwa. Ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙusoshin da layin da kujera ke gudu a kai sun yi tsatsa. Ka ɗaga safaya ka shafa ramin. Ka buɗe akwatin fis ka nemi kore-kore ko farin gari a bakin wayoyi. Kafet sabo dal a tsohuwar mota abin tambaya ne, haka ƙamshin da ya yi yawa. Ka rufe gilasai, ka kashe na'urar sanyi, ka zauna minti biyar da rana tsaka, hancinka zai gaya maka gaskiya.

Bayan ambaliya, yaudara ta biyu ita ce wasa da mitar tafiya. Mota ta yi kilomita dubu ɗari huɗu tana jigila tsakanin Makka da Madina, tafiyar da ta haura kilomita ɗari huɗu kowane zuwa, sai a mayar da lambar dubu ɗari da hamsin. Ka sayi rahoton Mojaz, mai bayar da tarihin mota, da lambar shasi kafin ka biya ko kafin alƙalami. Yana nuna adadin waɗanda suka mallake ta, haɗurran da aka rubuta, da karatun mitar da aka taɓa ɗauka. Amma kada ka ɗauke shi wahayi. Haɗarin da aka sasanta a bakin titi ba tare da an kira Najm, kamfanin da ke rubuta rahoton haɗari, ba, ba zai fito ba. Ka haɗa da idonka: sitiyarin da ya goge ya yi santsi, robar birki da ta cinye, kujerar direba da ta lotsa, ba sa tafiya da ƙaramar lamba. Kuma wurin binciken kwamfuta kai za ka zaɓa. Duk dillalin da ya ce "zo mu je wajen wani ɗan'uwana, yana nan kusa," ka ce masa ka gode. Takardar fahas ta hukuma ma ba shaidar lafiyar injin da gira ba ce, tana tabbatar da cewa motar ta cancanci hawa titi ne ranar da aka duba ta. A ɗaga motar sama ka shiga ƙarƙashinta da kanka, a sa na'urar auna kaurin fenti a kowace ƙofa da ginshiƙai. Fenti a ƙofa ko bamba ba komai ba ne, walda a shasi ko ginshiƙi shi ne abin gudu. Wanda ya rubuta "bodi wakala" a tallarsa, wato jikin motar yana yadda ya fito daga kamfani, sannan ya hana a auna, ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuma ka yarda da cinikin da za a ce ka biya ka tafi da mota, a sauya suna daga baya. Tara da alhakin haɗari suna bin sunan da ke kan istimara, kuma idan mai ita ya bar ƙasar ko ya rasu, ka shiga uku da takardu. A yi naƙalin mallaka, wato sauya sunan mai mota, ranar da kuɗi suka fita, ta Absher ko a ma'arad, wato wurin sayar da motoci, mai lasisi. Haka in kai ne mai sayarwa, ko ɗan garinku ne, ko kun haɗa sahu shekara ashirin. Zumunci daban, takarda daban.

Shi ma mai gyara bai tsira ba, kuma dole na faɗi wannan tunda ni na tura shi gareji. Jabun kaya sun yi yawa, kwalinsu da tambarinsu kamar na asali: matatar mai, fulogi, takalmin birki, har da baƙin man kansa. Jabun matata na iya kashe injin da ka gama kashe wa dubbai, jabun takalmin birki kuwa a gangaren Hada ba maganar kuɗi ba ce. Abin da ya shafi birki, sanyaya injin da mai, saye shi a wakala ko shagon da zai ba ka rasit mai lambar haraji, ka kai wa bakanike da hannunka, ka ce a ajiye maka tsohon da aka cire. Madubi, fitila, marfin taya, hannun ƙofa, waɗannan je ka tashlih ka yi ciniki son ranka. Idan aka sayar maka da jabu, Ma'aikatar Kasuwanci na karɓar ƙorafi ta lamba 1900, kuma rasit ɗin nan shi za su fara tambayarka.

In ka yanke shawarar gyarawa, kada ka yi duka rana ɗaya. Fara da abin da ya kayar da ita a fahas da abin da zai iya tsayar da kai a hanya, wato birki, taya da ruwa. Na'urar sanyi ta biyo baya kafin watan Mayu, lokacin da masu gyaranta ba su fara ɗaga kai ba. Fenti ya jira har sai injin ya wuce rani ɗaya allurar zafi ba ta haura rabi ba.