Yadda ake raba tukwici a otal ɗin da nake aiki a Landan

Yaya, bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali da su Inna. Ka tambaye ni yadda harkar otal take a Ingila, tunda rikicin kuɗi tsakanin yaranka na gidan abinci ya ƙi ƙarewa.

Wuta da ruwa ba sa yankewa a nan, ba wanda ke lissafin man janareta. Abinci kuwa akwai tsada, kuma kifinsu na firji bai kama ƙafar wanda ake kamowa a Argungu ba. Tarbar baƙo ma mun fi su, don gaisuwarsu gajera ce. Inda suka sha gabanmu shi ne rabon tukwici.

A gida baƙo yakan damƙa wa wanda ya kawo masa abinci abin da ya sawwaƙa, shi ke nan ya shige aljihu. Kuku da ya wuni a bakin wuta da yaron da ke wanke-wanke ba wanda ya gan su. A Landan gidajen abinci da yawa suna ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a kan kuɗin baƙo a matsayin ladan hidima. Tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta hana mai gida taɓa wannan kuɗi, haraji kaɗai ake cirewa. Dole a biya ma'aikata kafin ƙarshen watan da ke biye, a rubuta tsarin rabon, a ajiye bayanansa shekara uku.

A wurinmu asusu ɗaya ake tarawa. Kowane aiki yana da maki, sai a ninka makin mutum da awoyin da ya yi. Bari in kwatanta da naira. A ce an tara 60,000 a mako. Kuku mai maki 3 ya yi awa 40, yana da 120. Mai kai abinci maki 2 awa 50, yana da 100. Mai wanke-wanke maki 2 awa 40, yana da 80. Jimla 300, kowane maki ya tashi a naira 200. Kuku ya ɗauki 24,000, mai kai abinci 20,000, mai wanke-wanke 16,000.

Wuyar tana wajen sa makin, don mutum ne ke yanke shi. Mai riƙe asusunmu ya ba ni labarin wani masanin lissafi ɗan Amurka, Lloyd Shapley, wanda a 1953 ya fitar da hanyar auna rabon kowa da gwargwadon abin da shigarsa ke ƙara wa aikin tarayya. Ka gwada wannan a kan mai wanke-wanke: ranar da bai zo ba, faranti ya ƙare, ciniki ya tsaya. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga an ba shi maki mafi ƙanƙanta don kawai baƙi ba sa ganinsa.

Don Allah, Yaya, kafin baƙin bikin kamun kifi su cika Birnin Kebbi, ka zaunar da yaran su amince da makin da bakinsu. Ka sa akwati ɗaya, kuɗin da aka turo ta waya ma a rubuta, a riƙa ƙirgawa a gaban kowa duk ranar Juma'a. Kada kuma tukwicin ya zama dalilin rage musu albashi. A nan tun 2009 aka hana lissafa shi cikin mafi ƙarancin albashi. Idan ka turo min sunayen ayyukan da awoyinsu, zan tsara maka jadawalin.